Mai Yi Miki Aiki, Ita Ma Tana Da Gida



Yau zancen masu ɗaukar aiki za mu yi, da yadda za su bar wa ma'aikatansu lokacin ji da iyali. Na san wata za ta ce, ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa, ina ruwana da zancen ofis? Ɗan dakata, 'yar uwa. Maigidan da ke fita tun asuba, ba ya dawowa sai yara sun yi barci, ai ke ce ke ɗauke da nauyin rashinsa. Sannan in kina da mai yi miki wanke-wanke, ko mai taya ki suyar ƙuli-ƙuli da awara, ke ma uwar ɗaki ce, akwai ma'aikaciya a hannunki.

Bari mu fara da abin da doka ta tanada. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ce wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a yini, a ba shi hutun da bai gaza awa ɗaya ba. Cikin kowane kwana bakwai yana da hutun awa 24 a jere. In ya cika wata 12 yana aiki, yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashinsa. Mai juna biyu kuwa tana da mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida a wurin. In ta koma, a ba ta rabin awa sau biyu a yini don shayarwa.

To ki lissafa. Mako shida kwana 42 ke nan. Da ƙyar mace ta gama wankan jego ta yi arba'in, sai a ce ta koma bakin aiki, alhali likitoci na cewa jariri ya yi wata shida yana shan nonon uwa zalla. Wannan giɓi ne ya sa wasu gwamnatoci suka ƙara. A 2019 jihar Kaduna ta mayar da hutun haihuwar ma'aikatanta mata wata shida, a watan Disamba 2021 kuma ta soma tsarin aikin kwana huɗu a mako. A 2021 ɗin dai gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da aka yi wa haihuwa. Duk wadda ta taɓa yin satin suna maigida na can wurin aiki, ba mai aike, ba mai kai ta asibiti, ta san darajar kwanakin nan.

Amma fa wannan na ma'aikatan gwamnati ne. Yawancin mazajenmu yaran shago ne, direbobi, masu gadi, leburori. Su babbar damuwarsu ita ce rashin sanin lokacin tashi. Mutumin da ya san ƙarfe shida zai rufe, zai iya yi wa ɗansa alkawari ya cika. Wanda kuwa tashinsa sai yadda ran maigidansa ya so, ko cefane ba ya iya tsarawa. Ga kuma waya, wadda ta mayar da tsakar gida reshen ofis. A Faransa, tun 2017 doka ta wajabta wa manyan kamfanoni su zauna da ma'aikatansu su tsayar da ƙa'idar kira da saƙo bayan an tashi. Mu nan ba sai mun jira doka ba. In maigidanki ne mai shagon, in kun zauna hira da dare ki tambaye shi, yaron nan naka yaushe rabonsa da ya ci tuwon dare da matarsa?

Yanzu mu dawo tsakar gidanmu, kuma da kaina zan fara. Akwai wata baiwar Allah da ta taɓa yi mini aikatau, mai 'ya'ya uku. Mun yi da ita za ta riƙa tashi bayan la'asar, amma kullum sai na ce, ɗan ƙarasa mini wannan kafin ki tafi. Ɗan ƙarasa, ɗan ƙarasa, sai ga magariba. Ba ta taɓa musa mini ba. Ran nan sai ta zo da 'yarta mai shekara tara, hannu a naɗe da tsumma. Ashe yarinyar ce ke ɗora girkin gidansu duk ranar da na riƙe uwar, talge ya zubo mata. Ni da ke fitowa a rediyo ina zancen haƙƙin mata! Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Abin da na koya shi ne, shirun mai aiki ba yarda ba ce, tsoron rasa abinci ne. Saboda haka tun ranar farko ku yanke lokacin zuwa da na tashi a gaban wadda ta kawo ta, kuma ke ce za ki riƙa duba agogo ki ce tashi ki tafi. In biki ko baƙi suka sa kika riƙe ta, ki sanar da ita tun jiya don ta shirya gidanta, ki kuma ƙara mata wani abu a kan kuɗinta. Ranar hutunta ta zama sananniya, Juma'a ce ko Lahadi, kada ta zama alfarmar da sai ta roƙa. Ranar awo ko rigakafin ɗanta kada ki yanke mata ko kwabo. Mai goyo kuma ki bar ta ta zo da goyonta, tabarma ɗaya a inuwa ba za ta rage ki da komai ba.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana kwana a gidan. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, don ba ta da inda za ta tashi ta tafi. A 2011 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya ta musamman kan masu aikin gida, ta ce su ma a ba su hutun awa 24 a jere duk mako. In kuma yarinyar ba ta wuce shekarun makaranta ba, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare. Lokacin da naki ke saka kayan makaranta, ita ma ta saka nata.

Sai sallah. Ranar da aiki ya fi yawa a gidanki, ranar ce 'ya'yanta ke zaune suna jiran kitso da lalle. Ku yi soye-soye da gyaran gida tun kafin jajibiri, ki biya ta kuɗinta da wuri yadda za ta samu tela bai rufe karɓar ɗinki ba, ranar idi kuma ki sallame ta ta yini a ɗakinta.