Wa Ya Kai Tsegumi? Fim Ɗin Louis Malle Kan Yara da Yaƙi

A ranar 15 ga Janairun 1944, 'yan sandan ciki na Jamus, wato Gestapo, suka dira wata makarantar kwana ta Katolika a garin Avon, kusa da Fontainebleau a Faransa. Suka yi awon gaba da shugabanta, Fada Jacques, da ɗalibai uku Yahudawa da ya ɓoye da sunayen aro. An kashe yaran a sansanin Auschwitz. Fadan kuwa aka kai shi Mauthausen, ya rasu a watan Yunin 1945, makonni kaɗan bayan sojojin Amurka sun buɗe sansanin.

Cikin ɗaliban da aka yi kamen a kan idonsu akwai ɗan shekara 11 mai suna Louis Malle. Ya girma ya zama fitaccen darakta, amma sai a 1987 ya iya mai da abin fim. Ya sa masa suna Au revoir les enfants, wato "Sai wata rana, yara". Fim ɗin ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Venice, ya kwashi kyaututtukan César bakwai a gida.

Labarin na yara biyu ne. Julien ɗan masu hali ne, ɗan lelen uwarsa. Jean Bonnet baƙo ne a ajin, gwanin lissafi da kiɗan fiyano, ba ya cin naman alade, ba kuma mai zuwa masa ziyara. Da kishi suka fara. Da Julien ya yi bincike a kabad ɗin baƙon, sai ya tarar sunansa na gaskiya Kippelstein. Ya riƙe sirrin, alhali bai ma san abin da ake nufi da Bayahude ba, sai da ya tambayi wansa. Ɓatan da suka yi tare a daji da karatun Dare Dubu da Ɗaya a ɗakin kwana su suka ɗinke tsakaninsu.

Malle bai nuna fagen daga ko sansanin mutuwa ba. Ya fi mai da hankali kan tambayar da Faransawa suka daɗe suna kauce wa: wa ya taimaki Jamusawa 'yan mamaya? A wani gidan abinci, 'yan bangar gwamnatin Vichy mai haɗa kai da Jamus ne, Faransawa, ke neman korar wani dattijo Bayahude, har wani hafsan Jamus ya fatattake su. Wanda ya kai tsegumin makarantar ma ɗan gida ne: Joseph, yaron kicin mai ɗingishi, wanda ke cinikin bayan fage da ɗalibai. Da asirin cinikin ya tonu, shi kaɗai aka kora, 'ya'yan masu kuɗi suka sha da faɗa da ɗan horo. Fim ɗin bai wanke Joseph ba, amma ya nuna yadda rashin adalcin cikin gida ke samar wa azzalumi ɗan aike.

Tarihi ya gaskata wannan kallo. An kwashi Yahudawa kimanin 76,000 daga Faransa, ciki har da yara kusan 11,000, waɗanda suka dawo da rai kuma ba su wuce 'yan dubbai kaɗan ba. Babban kamen Paris na Yulin 1942, da ya rutsa da mutum kusan 13,000, 'yan sandan Faransa ne suka yi shi. Sai a 1995 Shugaba Jacques Chirac ya amsa a bainar jama'a cewa hukumomin ƙasar na da hannu.

Malle bai tsame Julien, yaron da ke wakiltarsa, daga nauyin ba. Sa'ad da jami'in Gestapo ke neman Kippelstein a aji, Julien ya waiga ya dubi abokinsa, jami'in ya bi idonsa. Ba da mugun nufi ya yi ba. Sai dai a ƙasar da doka ta mai da asalin mutum laifi, waiwayen aboki ma yana iya ba da kai.