Aljihu

Aljihu (jam'i: aljihuna ko aljifai) 'yar jaka ce da ake ɗinkawa a jikin tufa, a bar mata baki daidai shigar hannu, domin ajiye ƙananan kaya irin su kuɗi, carbi, goro, makulli da wayar hannu. Bambancinsa da jaka ko zabira shi ne ba a rataya shi daban, duk inda tufar ta je yana tare da ita. A ƙasar Hausa aljihun da ya fi shahara shi ne na ƙirjin babbar riga, wanda a kansa ake zuba mafi yawan aikin ado. Siffar aljihu da wurin da ake sa shi sun riƙa sauyawa gwargwadon abin da mutane ke ɗauka a kowane zamani, da kuma abin da suke gudu: sata, jiƙewa ko yagewa. Daga cikin ƙirƙire-ƙirƙiren baya-bayan nan akwai aljihun ɓoye, hijabi mai aljihu da safa mai aljihu.

Asalin kalma

Kalmar ta samo asali daga Larabci, wato al-jaib. A tsohon Larabci ma'anarta ita ce wuyan riga, buɗaɗɗen wurin da ke saitin ƙirji, inda mutum kan cusa abu ya ɓoye. Daga baya ta koma sunan aljihu. Hausa ta aro kalmar haɗe da "al" ɗinta, kamar yadda ta yi a alƙalami, albasa da almakashi. Wasu na cewa aljihu, wasu aljifu, domin "f" da "h" kan yi musaya a karin harsunan Hausa, kamar a fuska da huska.

Kafin aljihu

Ɗan Adam ya daɗe yana ɗaure jaka a ƙugu kafin ya fara ɗinka ta a jikin riga. A shekarar 1991 an tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a tsaunukan da ke kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda ake kira Ötzi. Ya rayu kimanin shekara 5,300 da suka wuce, kuma a ɗamararsa akwai 'yar jakar fata mai ɗauke da kayan aikin ƙanƙarar dutse da abin kunna wuta. A Turai, aljihun da ake ɗinkawa a jikin tufafin maza ya zama ruwan dare a ƙarni na 17. Matan Turai kuwa sun ci gaba da ɗaura aljihu na daban a ƙugu, ƙarƙashin siket, har cikin ƙarni na 19.

Hausawa ma suna da nasu ma'ajin na jiki. Akwai zabira da burgami na fata, akwai gafaka da malamai da almajirai ke sa littattafai a ciki, akwai kuma lalita, wadda ake ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin tufa don ɓoye kuɗi. Mata kan ƙulle kuɗi a haɓar zani ko a bakin ɗankwali, maza kuma kan soke shi a naɗin hula, kuma har gobe ana yin haka a kasuwannin ƙauye.

Kuɗin wancan zamani ba na aljihu ba ne. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Wuri 20,000 shi ake kira keso, kuma dakonsa ake yi a ka ko a kan jaki. Saboda haka aljihun da ya fi ɗaukar carbi, goro, asuwaki, takarda da 'yan wuri kaɗan na sayen ƙananan abubuwa.

Aljihun babbar riga

Babbar riga ta gargajiya ana haɗa ta ne da ƙyallaye masu ƙaramin faɗi da masaƙa ke saƙawa, irin su fari, saƙi, tsamiya da barage. Aljihunta babban ƙyalle ne da ake ɗorawa a gaba, daga ƙarƙashin wuya zuwa ƙasa, ya karkata ɓangaren hagun mai sanye da rigar. Wannan tsari yana da dalili: da hannun dama ake bayarwa ana karɓa, shi ne kuma ke isa aljihun hagu cikin sauƙi, ko mutum na zaune a kan buzu ko yana kan doki. Tsohon wando na gargajiya galibi ba shi da aljihu, mazagi kawai gare shi, don haka nauyin ajiya duka ya koma kan riga.

Wuyan riga da bakin aljihu su ne wuraren da suka fi shan ja, kuma nan yadi ke fara yagewa. Cin wuya da ɗinkin da ake cusawa a kan aljihu suna ƙara wa waɗannan wurare ƙwari, ban da adon da suke yi. A kan aljihun ne ake fitar da sanannun zane-zane irin su aska biyu da aska takwas, masu kama da tsinin aska. Daga nan aikin kan haura kafaɗar hagu ya sauka baya. Riga ɗaya kan bi ta hannun mutane da yawa: masaƙi, marini, maɗinki, mai zana fasalin ado, mai ɗinkin hannu, sai mabugi. Aikin hannu na riga mai tsada kan ɗauki watanni.

A zamanin Daular Usmaniyya riga mai aiki kyauta ce ta girmamawa da sarakuna ke yi wa hakimai, malamai da baƙi. Kano, Zariya, Bida da Ilori sun yi suna wajen ɗinka ta. A masarautu irin su Haɗeja har yanzu ita ce shigar naɗin sarauta da ta hawan salla, kuma daga aikin da ke kan aljihu ake gane darajar rigar. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi nazari mai zurfi a kan wannan ɗinki a shekarun 1970.

Zuwan kuɗin ƙarfe da keken ɗinki

Turawan Ingila sun ci Haɗeja da yaƙi a watan Afrilun 1906, inda aka kashe Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada. Bayan haka haraji da ciniki suka koma ga kuɗin ƙarfe. Anini da kobo suna da huda a tsakiya, ana iya zira su a zare, amma sisi da sule sai a aljihu ko a lalita. Layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Malam Madori kusa da Haɗeja, ya kuma sauƙaƙa fitar da amfanin gona da shigo da yadin kanti.

Keken ɗinki ya sa yin aljihu ya zama abu mai sauƙi da araha. Kaftani da jamfa suka zo da aljihu biyu a gefe, cikin ɗinkin haƙarƙari, da ɗaya ƙarami a ƙirji na alƙalami. Naira ta maye gurbin fam a ranar 1 ga Janairun 1973, wayar salula kuma ta bazu daga 2001. Tun daga nan teloli suka riƙa zurfafa aljihun gefe don kada waya ta zame idan mutum ya zauna, ko ya hau babur, ko ya yi sujada.

Ƙirƙire-ƙirƙiren da suka sauya aljihu

A Amurka, wani tela mai suna Jacob Davis da ke garin Reno ya lura cewa aljihun wandon leburori daga kusurwa yake fara yagewa, sai ya riƙa danne kusurwoyin da 'yan ƙusoshin jan ƙarfe. Shi da ɗan kasuwa Levi Strauss sun sami takardar mallakar wannan fasaha a ranar 20 ga Mayun 1873, kuma daga nan wandon jins ya samo asali. Matsalar da Davis ya magance da ƙarfe ita ce maɗinkan babbar riga suka magance da zare. Ƙaramin aljihun da ke cikin aljihun dama na jins kuwa an yi shi ne don agogon aljihu.

Zif irin na yau Gideon Sundback ne ya inganta shi, ya sami takardar mallaka a 1917. Shi ya ba da damar rufe bakin aljihu ruf. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, ya duba yadda 'ya'yan wata ciyawa mai kama da ƙarangiya ke maƙalewa a gashin karensa, ya ƙirƙiro mannin Velcro, wanda ya yi wa rajista a shekarun 1950. Sojojin Birtaniya kuma sun fito da wando mai babban aljihu a cinya a ƙarshen shekarun 1930, don taswira da kayan ɗaure rauni. Irinsa ne matasa da masu aikin hannu ke sawa yanzu.

Safa mai aljihu

Safa tsohuwar tufa ce. An tono safa a Masar wadda aka saƙa fiye da shekara 1,500 da suka wuce, mai rabe a wajen yatsu don a sa ta da takalmi mai maɗauri. A 1589 William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila. Sai dai sa mata aljihu bai zama mai amfani sosai ba sai da aka sami zare mai talewa kamar roba, wanda kamfanin DuPont ya samar a ƙarshen shekarun 1950, domin shi ke riƙe safa a ƙwauri ko da an sa mata ɗan nauyi.

Ana yin aljihun safa ta hanyoyi uku. Akwai wanda ake ɗora ƙyalle daga waje a rufe da zif ko Velcro. Akwai wanda ake ninka bakin safar ya zama rufi biyu, a bar kafa a tsakani. Akwai kuma wanda ake saƙawa tare da safar daga ciki. Matafiya da 'yan wasan guje-guje ne suka fi amfani da ita, don ɗaukar makulli, katin banki ko kuɗin takarda. Amfaninta shi ne ɗan sane ba ya isa ƙwauri ba tare da an gan shi ba. Illarta kuwa, ba ta ɗaukar abu mai nauyi, gumi na jiƙa takarda, makulli na iya goge fata, kuma duk wanda ya sunkuya ya ciro kuɗi a bainar jama'a ya tona asirin maɓoyarsa.

A ƙasar Hausa safa mai aljihu ba ta yaɗu ba. Yawancin mutane buɗaɗɗen takalmi suke sawa, zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, kuma alwala kan sa a riƙa cire safa sau da yawa a yini. An fi ganin safa a lokacin hunturu, da kuma wajen ɗalibai, ma'aikata masu kaki, 'yan ƙwallo da mata masu sa ta da hijabi. Dabarar soke kuɗi a cikin safa ta yau da kullum dai sananniya ce ga matafiya.

Aljihu a fadamar Haɗeja

Haɗeja na Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, a bakin Kogin Haɗeja. Daga gabashinta fadamun Haɗeja da Nguru suka shimfiɗu, har da dausayin Baturiya. Su, noman shinkafa, noman rani da kiwo su ne manyan sana'o'in yankin, kuma kasuwar kifi ta Haɗeja na jawo fatake daga nesa. A irin wannan wuri aljihu na fuskantar abokan gaba biyu.

Na farko shi ne ruwa. Masunci ko manomin da ke shiga ruwa zuwa ƙugu ba ya amfana da aljihun wando, balle na safa. Aljihun ƙirji da naɗin hula su ne ke zama a sama da ruwa, kuma mutane kan naɗe kuɗi da waya a leda kafin su shiga kwalekwale. Ambaliya irin ta daminar 2022, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Jigawa, ta nuna muhimmancin ma'ajin da ke bin jiki: iyalin da ruwa ya kora da dare kan tsira ne da abin da ke jikinsu kawai, kuma katin shaida ko katin banki na da wuyar sakewa.

Na biyu shi ne 'yan yankan aljihu a cunkoson kasuwa da tasha. Aljihun baya da na gefen kaftani su suka fi sauƙin kaiwa, domin yadin sakwa-sakwa ne, mai shi ba ya jin reza. Maganin da teloli ke yi shi ne aljihun ciki a 'yar shara ko a ƙugun wando, ko gajeren wando mai aljihun zif da fatake ke sawa daga ciki. Wannan dai lalita ce ta dawo da sabon fasali.

Tufafin mata da na mahajjata

Zani da riga na mata ba su da aljihu a al'adance. A 'yan shekarun nan teloli na sa aljihu a doguwar riga, a abaya da kuma hijabi, don waya da kuɗin mota. Ga mahajjaci namiji kuwa, harami ba shi da ɗinki irin na riga, don haka ba shi da aljihu; malamai sun halatta ɗaura ɗamara mai ma'aji don tsare guzuri, kuma ana sayar da irinta tare da kayan harami.

A cikin harshe

Hausa ta faɗaɗa ma'anar kalmar. "Aljihun gwamnati" na nufin baitulmali, "aljihun tebur" kuma ma'ajin da ake ja a tura. Idan an ce mutum ya yi abu "daga aljihunsa", da kuɗin kansa ya yi. Idan an ce farashi ya yi "daidai da aljihun talaka", to mai araha ne. Idan kuma an ce wani ya sa wani "a aljihu", ana nufin yana juya shi yadda ya ga dama, magana da ake yawan ji a fagen siyasa.