Neman Aikin Jami'a: Takardar Da Digiri Ba Ya Maye Gurbinta

Tun da aka rushe tsohon Zango a 1977 aka mai da mu Agoe, arewa da Lome, iyayenmu ke tara ribar kasuwar Asigame da ta iyakar Aflao suna sa yara boko. Yau wasunsu sun gama Jami'ar Lome, wadda aka kafa a 1970, har suna hangen aikin koyarwa a Amurka da Kanada.

To, a can digiri kaɗai ba ya isa. Jami'o'i da yawa sukan nemi takarda mai shafi ɗaya ko biyu, inda mutum zai bayyana yadda yake koyarwa da dalilinsa. A nan ake tuntuɓe, idan aka cika ta da kirarin ilimi.

Mai sayen atamfa sai ya warware turmi ya taɓa. Haka masu tantancewa suke: me malam ke yi idan ɗalibi bai gane ba? Yaya yake auna fahimta? Wanda ya taɓa biya wa ƙannensa allo, ɗaya bayan ɗaya, yana da misali na gaske.

Alhaji, kafin ɗanka ya aika, sa shi ya fassara maka ita da Hausa. In ba ka gane yadda yake koyarwa ba, ya sake rubutawa.