Wali Ɗan Masani: malamin Katsina da wasu littattafansa suka ɓace

A shekarar 1667 ne Allah Ya yi wa Muhammadu Ɗan Masani rasuwa, amma har yanzu Katsinawa na lissafa shi cikin manyan waliyyan birnin, tare da Wali Ɗan Marina.

An dai haife shi ne a Katsina a 1595, kuma asalin iyayensa daga Borno ne. Unguwar Masanawa ma da shi ake danganta ta.

Ya yi fice a fannin fiƙihu da nahawu, sai dai aikinsa da ya fi shahara shi ne sharhin Ishiriniya ta Alfazazi, waƙar yabon Manzon Allah (SAW) da ake rerawa lokacin Mauludi a garuruwan masarautar Katsina, irin su Batsari da Safana.

Abin takaici, ba dukkan rubuce-rubucensa ne suka tsira ba.

Littafin da ya rubuta kan tarihin Yarbawa, alal misali, masana ba su kai ga gano shi ba, illa abin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambata game da shi a Infaƙul Maisuri.