YADDA AKE HAƊA TUKUICIN HORAR DA KARE A GIDA

Kare dabba ce mai amfani ga mutumin karkara. Da dare haushinsa ne ke sanar da mutanen gida cewa baƙo ya matso kusa da turke. Manomi yana barin sa a gona don korar birai. Makiyayi yana tafiya da shi don tsaron garke, maharbi kuma don farauta. Malamai sun yi bayani cewa Musulunci ya yarda a ajiye kare saboda farauta, da tsaron gona, da tsaron dabbobi. Sun kuma ce horarren kare shi ne wanda in an tura shi zai tafi, in an tsawata masa zai tsaya.

Amma kare marar horo fitina ne. Yana bin kajin maƙwabta. Yana cizon 'yan awaki. Yana tsorata yara a hanyar rijiya. Sau da yawa shi ne sanadin rigimar da ke kai maƙwabta gaban mai unguwa.

DUKA KO TUKUICI?

Mutane da yawa suna horar da kare da sanda ko da jifa. Abin da duka ke koya wa kare shi ne tsoro. Kare mai tsoro yana gudun mai shi, kuma shi ya fi saurin cizo idan aka ritsa shi.

Akwai hanyar da ta fi wannan. A shekarar 1938 wani masani ɗan ƙasar Amurka mai suna B. F. Skinner ya wallafa littafi a kan gwajin da ya yi da ɓeraye. Ya nuna cewa duk aikin da dabba ta yi, ta samu abinci nan take, za ta so ta sake yin wannan aikin. Haka abin yake ga kare. Idan an kira shi ya zo, aka ba shi ɗan abu mai daɗi, gobe ma zai zo da gudu.

Wannan ɗan abinci da ake ba kare idan ya yi daidai shi ne tukuici. A birane ana sayar da irinsa cikin leda da tsada. Mutumin ƙauye ba ya bukatar saye. Duk kayan haɗinsa suna nan a gida da kasuwar ƙauye.

Tukuici mai kyau yana da siffa huɗu. Ya zama ƙarami kamar ƙwayar wake, don kare ya haɗiye da sauri a ci gaba da darasi. Ya zama mai ƙamshi. Ya zama busasshe, don ya shiga aljihu ba tare da ya ɓata riga ba. Kuma ya zama ba ya cutar da kare ko mutanen gida.

NA FARKO: BUSASSHIYAR HANTA KO HUHU

Wannan shi ne wanda kare ya fi so. Huhu ya fi hanta araha wurin mahauta, kuma yana bushewa da wuri.

1. A sayi rabin kilo na huhu, ko hanta, ko zuciya, na dabbar da aka yanka tana da lafiya. Kada a yi amfani da mushe.

2. A duba naman da kyau. Idan an ga ƙullutu mai ruwa a jikinsa, kada a karɓa. Irin wannan nama sai a ƙone shi ko a binne shi cikin rami mai zurfi.

3. A yanka shi gunduwa-gunduwa, a zuba a tukunya da ruwa zalla. Ba gishiri, ba yaji, ba albasa, ba magi.

4. Idan ruwa ya tafasa, a bar shi a kan wuta minti 30 cur.

5. A tsame, a bar shi ya huce, a yayyanka ƙanana kamar wake. A ajiye romon, yana da amfani.

6. A shanya a kan raga ko faranti. Da hunturu ko bazara rana ta isa, kwana 2 ko 3. A rufe da yadi marar kauri saboda ƙuda, a ɗora a inda kaji da kyanwa ba za su kai ba. Da damina a busar a kan garwashi marar ƙarfi.

7. A gwada da hannu. Idan ya karye ƙas, ya bushe. Idan yana lanƙwasa, da saura.

DON ME AKE DAFAWA?

Wani zai ce ai kare ɗanyen nama yake ci tun fil azal. Ga dalilin dafawa. Akwai wata tsutsa ƙarama ƙwarai da ke zama a hanjin kare. Ƙwanta yana fita cikin kashin kare, ya faɗa a kan ciyawa ko cikin ruwa. Tunkiya, ko akuya, ko saniya, ko raƙumi su ci. Sai ƙullutu mai ruwa ya fito a hantarsu ko huhunsu. Idan aka jefa wa kare wannan hanta ɗanya, tsutsar ta sake tashi a cikinsa, cutar ta ci gaba da zagayawa.

Mutum ma yana kamuwa idan ƙwan ya shiga bakinsa ta hannu marar tsabta, ko ta abinci da ruwa. Ƙullutun yana girma a hantar mutum ko huhunsa shekara da shekaru, har wani lokaci sai an yi masa aiki a asibiti. Tafasa ta minti 30 tana kashe wannan cuta a cikin nama.

Haka nan kada a ba kare kan tunkiya ko akuyar da ta yi ciwon juwa, wato wadda take ta zagaye wuri ɗaya. Ita ma wata tsutsa ce a ƙwaƙwalwarta, kuma ta hanyar kare take komawa cikin garke.

NA BIYU: NA GARIN DAWA DA KABEWA

Ba kullum ake samun kuɗin nama ba. Wannan haɗi ya fi araha, kuma yana da auki.

Kayan haɗi: garin dawa ko na masara gwangwanin madara 2, dafaffiyar kabewa ko dankalin Hausa gwangwani 1, ƙwai 1, da romon hantar da aka ajiye.

1. A dame kabewar ta yi laushi.

2. A zuba gari, a fasa ƙwai a ciki.

3. A riƙa zuba romo kaɗan-kaɗan ana cuɗawa, har ya yi tauri kamar ƙullin cincin.

4. A baje shi a faranti, kaurinsa kada ya kai na ɗan yatsa. A yanka ƙanana da wuƙa.

5. A gasa a kasko ba mai, da wuta kaɗan, ana juyawa har ya bushe ciki da waje.

Ƙamshin romon shi ne ke jan hankalin kare. In babu romo, a daka ɗan busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, a zuba a cikin ƙullin.

NA UKU: MASU SAUƘI

Ana iya dafa dankalin Hausa, a yanka ƙanana, a shanya. Ana iya farfasa ƙuli-ƙuli, muddin da gyaɗa mai kyau aka yi shi, kuma ba a sa masa yaji ko gishiri ba. Dafaffen ƙwai ma yana yi, amma shi a ranar ake amfani da shi.

ABUBUWAN DA KE CUTAR DA KARE

Ba duk abin da mutum ke ci ne ya dace da kare ba. A kiyaye waɗannan:

Albasa da tafarnuwa. Ɗanyu ko dafaffu, suna lalata jinin kare. Bayan 'yan kwanaki sai ya yi kasala, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu. Saboda haka kilishi, da tsire, da dambun nama ba su dace da tukuici ba, domin suna da yaji da gishiri, galibi har da albasa ko tafarnuwa.

Goro, kofi, ganyen shayi da cakulan. Abin da ke cikinsu mai hana mutum barci yana sa zuciyar kare ta yi bugu da ƙarfi, jikinsa ya kama rawa. Idan ya ci da yawa yana iya mutuwa.

Gyaɗa ko masara mai funfuna. Tana ɗauke da guba mai lalata hanta. Dafawa ba ta kawar da wannan guba. Abin da ya lalace a rumbu, kada a ce bari a ba kare.

Dafaffen ƙashi, musamman na kaza da zabo. Yana tsagewa ya yi tsini, ya maƙale a wuya ko ya huda hanji.

Ɗanyen rogo, da inabi, da zabibi. Rogo ɗanye yana da guba, inabi da zabibi kuma suna lalata ƙodar kare.

YADDA AKE AJIYEWA

A zuba busasshen tukuici cikin kwalba ko gwangwani mai murfi, a ajiye a inuwa. Ya fi kyau a riƙa yin na mako ɗaya kawai. Idan ya canza wari ko ya yi funfuna, a binne shi. A ware wa kare kwanonsa dabam. Duk wanda ya ba kare abinci ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa nasa.

YADDA AKE HORO DA SHI

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana fara horar da kwikwiyo tun yana da wata 2. Babban kare ma yana koyo, sai dai yana bukatar haƙuri.

A yi darasi kafin a ba kare abincinsa, lokacin da yake ɗan jin yunwa. Minti 5 zuwa 10 sun isa, safe da yamma. A fara a wurin da babu hayaniya.

Babban sirrin shi ne sauri. Da zarar kare ya yi abin da ake so, a ce masa "Yauwa!" a miƙa tukuici nan take. Idan aka jinkirta, ba zai gane dalilin kyautar ba.

Darasin "Zo". A tsaya taku 3 daga kare, a kira sunansa, a ce "Zo". In ya zo, a ce "Yauwa", a ba shi. Kullum a riƙa ƙara nisa. Wannan shi ne darasi mafi muhimmanci. Kada a taɓa kiran kare don a doke shi. Wanda ya yi haka ya rushe aikinsa da hannunsa.

Darasin "Zauna". A riƙe tukuici kusa da hancinsa, a ɗaga shi a hankali zuwa saman kansa. Zai ɗaga kai, gindinsa ya sauka ƙasa. A daidai nan a ce "Zauna", a ba shi.

Darasin "Bari". A dunƙule tukuici a hannu. Kare zai shinshina, ya lasa. Kada a buɗe. Da zarar ya janye kansa, a ce "Bari", a ba shi wani daga ɗaya hannun. In ya ƙware, a gwada shi kusa da kaji yana ɗaure da igiya. Wannan darasi yana taimakawa wajen hana shi ɗaukar abin da ya tsinta a ƙasa, kamar naman da ɓarayi kan jefa da guba.

Mutanen gida duka su riƙa amfani da kalma iri ɗaya. In maigida ya ce "Zo", yaro ya ce "Taho", kare zai rikice.

Da farko ana ba da tukuici kowane lokaci. In kare ya iya, sai a koma ba shi wani lokaci, wani lokaci kuma a yaba masa da baki kawai. A haka zai riƙa bin umurni ko da aljihu babu komai.

Tukuici ba ya maye gurbin abinci. Kada ya wuce kashi 1 cikin 10 na abin da kare ke ci a rana. Hanta in ta yi yawa tana sa shi zawo.

AMFANINSA RANAR ALLURA

Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Mafi yawansu a Afirka da Asiya suke, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Kimanin 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tsira.

Maganin abin shi ne allurar rigakafi ga karnuka. Ana yi wa kwikwiyo yana da wata 3, sannan a maimaita kowace shekara. Masana sun ce idan aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na wani yanki allura, ciwon zai daina yaɗuwa a wurin. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan allura. An ware ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara don yaƙi da ciwon.

To, a nan ne horo ke nuna amfaninsa. Malamin dabbobi ba zai iya yi wa karen da ba ya kamuwa allura ba. Karen da ya saba da sanda, yana ganin taron mutane zai shige daji. Amma wanda ya koyi "Zo" da "Zauna", ya saba a riƙe shi ana ba shi tukuici, cikin minti ɗaya an gama da shi. Maganin tsutsar ciki ma ana iya ɓoye shi cikin 'yar dafaffiyar hanta, ya haɗiye bai sani ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a fara horon tun kafin malamin dabbobi ya iso.

Idan kuwa kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya jira.

Duk mai kare ya gwada wannan hanya na wata ɗaya. Ya sayi huhu ranar kasuwa, ya dafa, ya shanya, ya ware minti 10 safe da yamma. Wanda ya ga amfaninta ya sanar da maƙwabcinsa. Mai neman ƙarin bayani kuma ya tuntuɓi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarsa.