Gargaɗi Ga Masu Riƙe Da Lissafin Jama'a a Kura da Bunkure

Jama'a, a saurara. Wannan kira ne ga sakatarorin ƙungiyoyin manoman rani, da masu injinan casar shinkafa a Kura, da dillalan taki, da masu harkar tumatir a Kwanar Gafan, da duk wanda ya bar littafi ya mayar da lissafin mutane cikin kwamfuta ko waya. Da yawanku kun kwantar da hankali cewa kuna da kwafi. A je a duba wannan kwafin yau, kafin shinkafa ta fara shigowa.

Ga inda haɗarin yake. Yawancin manhajojin da ake saka muku aikinsu maimaitawa ne: abin da ya faru a kwamfutar ofis, nan take zai faru a ɗaya wurin. Kun san yadda ruwan Tiga yake biyo babban kanal ya rarrabu zuwa gonaki. In guba ta shiga daga sama, babu ƙaramin kanal ɗin da zai tsira. Haka wannan tsari yake. Yaron ofis ya goge jerin masu bashin taki bisa kuskure, kwafin ma ya goge. Ɓarayin intanet su kulle fayilolinku su nemi kuɗin fansa, manhajar ta kwashi kullallun ta ɗora a kan masu kyau. Google Drive yana riƙe abin da aka goge kwana 30 ne kawai, alhali bashin noman rani sai an yi girbi ake waiwayarsa. Kafin a farga, wata uku sun wuce.

Saboda haka ku kira wanda ya saita muku manhajar, ku zauna tare, ya nuna muku da idonku. Kwafi ya riƙa tafiya ta hanya ɗaya, daga ofis zuwa ma'ajiya. A kashe zaɓin da ke sa gogewa ta bi kwafi. A sa manhajar ta riƙe tsofaffin kwafe-kwafe, na jiya da na makon jiya da na watannin baya, har su kai tsawon zangon noma guda. Ma'ajiyar ta samu kalmar sirrinta daban, kuma shugabanni biyu su san ta, don rai ba a hannunmu yake ba. Sannan a kunna saƙon da ke sanar da mutum in kwafi bai kammala ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a wurinmu, domin wuta tana ɗaukewa a tsakiyar aiki, data tana ƙarewa, manhaja ta tsaya shiru ba wanda ya sani.

Sai maganar wuri. Faifan ajiya da ke cikin durowa ɗaya da kwamfuta, wuta ɗaya ce za ta cinye su. Mutanen Kano ba su manta gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ba, ko ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta ƙone wata cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH a Strasbourg ta ƙasar Faransa, wasu abokan cinikinsa suka rasa komai domin kwafinsu a harabar da ta ƙone yake. In ofishinku yana Kura, faifai ɗaya ya kwana a gidan ma'aji a Kadawa ko Bunkure, a cire shi daga jikin kwamfuta da zarar an gama kwafi.

Masu ajiye rasit da hoton tiransifa a WhatsApp, ku ma ku ji. Kwafin ƙarshe kaɗai yake bari a Google Drive, sabo yana danne tsoho, kuma gigabayit 15 na kyauta in sun cika, ajiya ta tsaya.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda asarar za ta faɗa wa. Manomin da ya biya kuɗin ruwa aka rasa shaidarsa, da matar da ta kawo buhunan shinkafa turarawa aka rasa adadinsu, su ne za su shiga rigima da maƙwabta a kan amanar da aka damƙa muku.

A makon nan, ku ɗauki wata kwamfutar daban, ku dawo da lissafin watan jiya daga ma'ajiyar, ku buɗe shi, ku gwada da rasit ɗin takarda. In bai buɗe ba, kada a karɓi ko buhu ɗaya a kan wannan tsarin sai an gyara. Kowane ƙarshen wata kuma a buga jerin masu bashi a takarda, shugaba da ma'aji su sa hannu.