Ƙaramar mota, babban awo

A ƙasashen Turai, Amurka da Japan, akwai wani irin tseren motoci wanda direba ba ya shiga cikin motar. Yana tsaye bisa dandali, riƙe da telekomand, yana sarrafa ta daga nesa ta hanyar rediyo. Ko da yake motar ba ta wuce a ɗauke ta da hannu ɗaya ba, masu wannan wasa ba su ɗauke shi wasan yara ba. Tun shekara ta 1973 Turawa suka kafa ƙungiyarsu mai suna EFRA, a 1976 kamfanin Tamiya na Japan ya fito da motarsa ta farko, samfurin Porsche 934, sannan a 1979 aka kafa ƙungiyar duniya, IFMAR.

Motar da aka fi sani bisa kwalta ita ce mai aiki da batir, wadda girmanta kashi ɗaya ne cikin goma na motar gaske. Faɗinta ba ya wuce milimita 190. Tseren minti 5 ne, kuma wanda ya fi yawan zagaye shi ne gwani. Idan zagaye ɗaya yana cin sakan 15, direba zai yi zagaye 20. Motar da ke asarar kashi biyu cikin goma na sakan a kowane zagaye za ta tashi da gibin sakan 4, abin da ya isa ya raba na farko da na baya.

Sabon shiga yakan zaci ƙarfin inji ne ke ba da nasara. Amma hanyar tseren cike take da kwana, hagu da dama, miƙaƙƙen wuri kaɗan ne. Saboda haka abin da gwanaye suka fi kula da shi shi ne yadda taya huɗu ke kama ƙasa.

Aikin farko shi ne awon tsayin mota daga ƙasa, wanda yawanci milimita 5 ne ko ɗan fiye. In ta yi sama, sai ta kife a kwana. In ta yi ƙasa ainun, cikinta ya goga kwalta. Na biyu, ana karkata kan kowace taya zuwa ciki da digiri 1 zuwa 2, domin lokacin da mota ta jingina a kwana, tayar waje ta kwanta sosai bisa hanya. Na uku, ana sa tayoyin baya su ɗan dubi juna da kamar digiri 3, don kada bayan mota ya yi lilo idan an ba ta wuta.

Daga nan sai amortisar, wato abin da ke shanye girgiza. Mai kauri a cikinsa yana sa mota ta jingina sannu a hankali, mai ruwa-ruwa kuwa yana sa ta amsa da sauri. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce: ɓangaren da aka sassauta shi ne ya fi kama ƙasa. Idan mota ta ƙi shan kwana, gabanta yana zamewa waje, sai a sassauta gaba. Idan bayanta ne ke wulwulawa, sai a sassauta baya. Haka nan giya: ƙara haƙoran ƙaramin giya yana ƙara gudu, amma yana rage saurin tashi, yana kuma zafafa inji har ya iya ƙonewa.

Babban kuskure shi ne taɓa abubuwa da yawa lokaci guda, domin ko mota ta gyaru ba za a san dalili ba. Shi ya sa gwanaye ke canza abu ɗaya tak, su yi ƴan zagaye, su duba agogo, su rubuta. Kowane direba yana da takardar da yake cika awon motarsa, har da irin taya da zafin kwalta, tun da gyaran da ya yi kyau da sanyin safiya yana iya ɓaci da tsakar rana. Ranar da ya komo wannan fili, takardar nan ce zai fara buɗewa kafin ya ɗauki sifana.